Ilu Bahago, Wanda Ba Mu Taɓa Ganin Jifansa Ba

Da an idar da sallar asuba a masallacin unguwarmu a Jajaye, Ilu ɗan Malam Uwais ba ya tsayawa hira. Gida yake wucewa, don ya san matarsa Sadiƙa ta riga ta ɗora ruwa. Sai ya zauna a kan turmi a tsakar gida ya tuɓe riga, ita kuma ta tsoma tsumma a ruwan zafi, ta matse, ta ɗora masa a kafaɗar hagu. In an gama gashi ta shafa masa man zafi, sannan ta kama hannun rigar ta zura masa, domin hannun nan ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji. Daga nan ya saɓa fartanya a kafaɗar dama ya nufi gonar gyaɗarsa ta bayan rafi. Baƙon da ya gamu da shi a hanya zai ɗauka wani manomi ne mai fama da sanyin ƙashi, ya yi masa sannu ya wuce.

Amma wanda ya ƙura ido zai ga wani abin mamaki. Hannun hagun Ilu ya fi na dama tsawo. Ba ji-ta-ji-ta ba ce, an gwada da karan dawa a gaban shaidu, faɗin yatsa biyu ya ɗara. Telansa na Karaye ma ya ce tun da yake ɗinki bai taɓa yanka hannun riga biyu daban-daban ba sai a kansa. Jifa ne ya ja hannun har ya miƙe haka. Shekara ashirin da ɗaya Ilu ya yi yana wasan ƙwallon hannu a Kano, sana'arsa ke nan, da ita ya yi aure, da ita ya ciyar da gida.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, kamar yadda mu ma ba mu san shi ba har kwanan baya: mutum bakwai-bakwai ne a ƙaramin fili na siminti. Ƙwallon ba ta kai ta ƙafa girma ba, da hannu ake miƙa ta, da hannu ake jefa ta raga, gola yana tsaye yana tarewa. Awa ɗaya ake yi a tashi.

Bahago aka haife shi, kuma kowa ya san yadda ake yi wa bahago a garuruwanmu. An ɗaure hannun da ɗankwali lokacin cin tuwo, an ƙwanƙwasa shi da muciya, har ya koyi ci da rubutu da dama. Jifa ne kawai ya ƙi komawa. In gero ya fara nuna aka tura su korar tsuntsu, sauran yara gwangwani suke kaɗawa suna ihu, shi kuwa sai ya tara hoge a gabansa ya yi shiru. Yayansa Badaru ya rantse cewa ya sha nuna masa mangwaro guda a can ƙololuwar bishiya, ya ce wancan nake so, Ilu ya kaɗo shi ba tare da na kusa da shi ya motsa ba.

Da ya gama sakandare a Karaye, Malam Uwais ya tura shi kwalejin horon malamai a Kano, yana fatan ya dawo da alli a hannu. Wata rana abokin ɗakinsa ya leƙo ta taga daga bene na biyu yana neman makulli. Ilu bai ga dalilin hawa ba, ya wurga masa daga ƙasa, makullin ya bi ta tsakanin ƙarafan tagar ya faɗa tafin hannunsa. Ashe malamin wasanni, Malam Sulle, yana tsaye a baya.

"Kai, zo nan. Da wane hannu ka jefa?"

Ilu ya ɓoye hannun a bayansa. "Wallahi mantuwa na yi, Malam. A yi haƙuri."

"Haƙurin me? Shekara shida ina neman bahago a makarantar nan, kai kana ɓoye mini shi a baya kamar ka sato kaza! Gobe da yamma in gan ka a fili."

A wannan wasa, in aka ajiye bahago a gefen dama, yana hango raga ta kusurwar da mai hannun dama ba ya iya kaiwa. Abin da aka yi shekaru ana duka a gida, shi ake nema ruwa a jallo a can. Shekara uku ya yi wa kwaleji wasa. Kafin ya karɓi takardar shaidar malanta, ƙungiyar wata masaƙa ta riga ta ɗauke shi. Ya ninke takardar ya sa a ƙasan akwati, har yau tana nan.

To, a nan kunyarmu ta fara, ko da yake a lokacin mun ɗauka shi ne abin kunyar. Mun zauna a gindin tsamiya mun ce ƙato da gemu yana tsalle-tsalle da gajeren wando. Mun ce an kai shi ya zama malami ya ɓuge da wasan yara. Idan aka tambayi Malam Uwais me ɗansa yake yi, sai ya ce, "Yana aiki a Kano," ya sauya magana. In Ilu ya zo sallah, mukan tambaye shi farashin taki a birni, da lafiyar iyali, da ko ya ga wane a kasuwar Kurmi. Ba a samu mutum ɗaya da ya taɓa cewa, Ilu, yaya wasan? Kuma bai taɓa kawo maganar da kansa ba.

Saboda haka duk abin da zan faɗa na aikinsa, daga bakin waɗanda suka gani na samo shi, musamman Maikuɗi, golan ƙungiyarsu, wanda suka yi shekara goma sha tara tare.

Maikuɗi ya ce akwai shekarar da suka kai wasan ƙarshe na cin kofi a wani gari na kudu. Ana kunnen doki, saura kaɗan a tashi, Ilu ya yi tsalle ya jefa, ta shiga. Alƙalin wasa ya busa usur ya ba da ci, 'yan ƙungiya suka rungume juna. Sai ga Ilu ya nufi alƙali yana nuna ƙasa, wai ƙafarsa ta taka layi kafin ya saki ƙwallon. Babu wanda ya gani. Aka soke cin, aka yi ƙarin lokaci, aka cinye su. Koci, mai horar da su, ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwarsa.

"Na ce masa, kai wane irin mutum ne?" in ji Maikuɗi. "Ya ce mini, Maikuɗi, ni fa na ji layin a tafin ƙafata. In na ɗauki kofin nan, kullum na kalle shi ƙafata za ta riƙa yi mini ƙaiƙayi."

Da masaƙar ta rufe, ƙungiya ta watse. Wasu suka kama acaɓa, wasu suka koma gida. Ilu ya samo gawayi ya zana raga a jikin katangar masaƙar, kullum da sassafe ya zo ya yi jifa ɗari biyu shi kaɗai. Wata goma sha ɗaya yana haka kafin wata ƙungiya ta kira shi. Maigadin wurin yana nan da ransa, kuma ya nuna mini katangar da hannunsa. Simintin ya zube a kusurwoyi huɗu na zanen, har ana ganin bulo, amma tsakiyar lafiya lau take kamar yau aka yi mata yaɓe. Na daɗe a tsaye gaban katangar nan.

Da shekaru suka fara ja, samari masu ƙarfi suka shigo, aka zaunar da shi a benci. Kakar wasa uku yana miƙa wa ƙannen bayansa ruwa da tawul. Da wani ne, da ya yi zuciya ya tafi. Shi kuwa ya ga ƙarfin jifa ya ragu, sai ya koma koyon wani salo: ya murza ƙwallon da yatsu ya sake ta a hankali, ta doki ƙasa a gaban gola, gola ya faɗi hagu, ita ta karkata dama. Maikuɗi ya ce wata takwas Ilu yana gwada abin a kansa, yana faɗuwa banza ana yi masa dariya, kafin a fito da shi fili. Da wannan salo ya ƙara shekara bakwai.

Kai ne, Ilu, ka yi duk wannan a nisan tafiyar awa uku daga ƙofar gidan ubanka. Kai ne baƙi suka yi wa tafi a garuruwan da ba ka jin yarensu, alhali a garinku ana rage murya in za a faɗi sana'arka. Bahago na Sadiƙa, mai jin layi da tafin ƙafa. Ba ka taɓa roƙonmu komai ba sai sau ɗaya.

Bara ne, bayan an cire gyaɗa, ya zo da kansa, bai aiko ba. Ya samu mahaifinsa a zaure, Badaru na gefe, ya durƙusa.

"Baba, roƙo na zo da shi. Likita ya ce kafaɗar nan ta ƙare. Nan da mako biyu zan yi wasana na ƙarshe. Ina so ka gani da idonka, ko sau ɗaya ne."

Tsohon ya ja carbi. Can ya ce, "Da gajeren wandon?"

"Ya wuce gwiwa, Baba."

"To. Allah ya kai mu."

Ilu ya juya wajen yayansa. "Ƙarfe huɗu ake farawa, Yaya. Huɗu ta agogo."

"Mun ji mana. Sai ka ce da yara kake magana."

Ranar, mu goma sha huɗu muka cika bas ɗin Mujahid direba, kowa da babbar rigarsa. Da hantsi muka bar Jajaye, lokaci ya ishe mu har ya yi saura. Sai dai a Kurugu ana zaman makokin wani surukin Malam Uwais, kuma ba a ratsa gari ana zaman makoki a wuce. Muka sauka, aka yi addu'a, aka sake yin wata da liman ya iso, aka kawo fura, ba a kuwa ƙin furar gidan rasuwa. A Karaye muka tarar kasuwa na ci. Badaru ya ce ba zai yiwu mu je gaban manyan Ilu hannu rabbana ba, ya shiga neman zabbi biyu da ƙuli-ƙuli. Aka kira azahar, muka yi. Ni ma da nawa alhakin, don wani Bafulatani ya kawo rago mai ƙaho huɗu, sai da aka aiko mutum biyu suka janye ni daga wurin.

Mujahid ya yi ta danna ham. "Baba, don Allah mu tafi. Wasan birni da agogo ake yinsa."

Badaru ya ce, "Kai Mujahid, tuƙi ka sani. Ina ka taɓa ganin an fara wasa uban mai wasa bai zauna ba? Mu fa aka gayyata."

Kada mai karatu ya ce wauta ce tsagwaronta. Mu wasan da muka sani kokawa ce ta bayan kaka. Makaɗa kan fara tun azahar, 'yan kokawa su yi ta zagaya fili suna kirari, amma babu wanda zai kama wani sai mai gari da iyayen 'yan wasa sun zauna. An taɓa jira har rana ta yi ja saboda babur ɗin mai gari ya mutu a hanya, kuma ba wanda ya ga laifin hakan. In an ce mana ƙarfe huɗu, abin da muke ji shi ne lokacin da kiɗa zai yi zafi. Aka waiwayo aka tambaye ni, tun da ana ganin na ɗan leƙa aji. Na ce ai ko'ina haka ake yi.

Uku da rabi wayar Badaru ta yi ƙara, ya sa ta a fili kowa na ji.

"Yaya, kuna ina?"

"Ga mu nan dab da gari. La'asar kawai za mu tsaya mu yi. Ka ce su ci gaba da kiɗa."

"Yaya, babu kiɗa a nan."

Badaru ya kashe wayar yana dariya. "Kun ji, wai ko makaɗa ba su ɗauko ba. Birni ke nan!" Muka yi dariya gaba ɗaya.

Biyar ta wuce da kusan rabi muka shiga filin. Wata mata na share ledojin ruwa. A sahun gaba akwai dogon benci babu kowa a kai, an manna takarda an rubuta Mutanen Jajaye, ga kwalaben lemo a jere a ƙarƙashi ba a buɗe ba. Ilu yana zaune a ƙasa ya jingina da ƙarfen raga, an ɗaure masa ledar ƙanƙara a kafaɗa, Maikuɗi na tsaye a kansa. Da ya hango mu ya miƙe da ƙyar, ya zo ya durƙusa. Ya gaida mahaifinsa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kun zo lafiya, ya hanya, ya gajiya, ya aka baro gida. Bai tsallake kowa ba.

Malam Uwais ya zauna a tsakiyar bencin, ya gyara rigarsa, ya ɗora hannu biyu a kan sanda.

"To, ga mu mun zauna. A fara."

Zabbin da ke hannun Badaru suka yi kuka. Maikuɗi ne ya matso ya russuna.

"Baba, ai an tashi."

"An tashi daga me?"

"Wasan, Baba. An gama tun ɗazu. Mun ci su ashirin da shida da ashirin da huɗu. Biyar daga ciki ɗanka ne ya jefa."

Daga baya Maikuɗi ya ba mu sauran labarin. Ilu ya je ya roƙi alƙalin wasa a jinkirta minti goma, abin da bai taɓa yi ba tun da yake wasa. Don girmansa aka ba shi biyar. Duk cin da ya yi, kafin ya kalli 'yan ƙungiyarsa sai ya waiga wajen bencin. Jifan ƙarshe kuwa, saura minti guda a tashi, bai yi salon murzawa ba. Da ƙarfi ya jefa irin na ƙuruciya, na kusa da shi suka ji kafaɗar ta yi ƙas, ƙwallon ta shige.

Amma a lokacin ba mu san wannan ba. Abin da muka gani shi ne Ilu ya kwance ledar ƙanƙarar ya ajiye.

"Baba, tun da kun zo, bari in jefa ko guda ce. Maikuɗi, shiga raga."

"Ilu, kada ka yi," in ji Maikuɗi.

"Shiga mana."

Ya shiga. Ilu ya ɗauki ƙwallon ya tsaya a kan layi. Ya ɗaga hannun, ya kai ƙirji ya tsaya cak. Ya cije leɓe ya sake, haka. A karo na uku yatsun suka saki, ƙwallon ta faɗi ta gangara gefe. Mu goma sha huɗu muna zaune cikin manyan riguna, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Maikuɗi ya ciro waya ya ce an ɗauki wasan, ya kanga wa tsohon a fuska. Malam Uwais ya matso da ita, ya nesanta, ya runtse ido ɗaya.

"Ni ɗigo-ɗigo kawai nake gani suna guje-guje. Wanne ne shi?"

Maikuɗi ya karɓe ta. Sai ya mayar da wayar aljihu ya miƙa masa hannayensa biyu. Babu yatsa ɗaya miƙaƙƙe a cikinsu, ƙaramin na dama ma ya kwanta gefe kamar ba a jikin hannun ya tsiro ba. Tsohon ya kama su yana shafawa ɗaya bayan ɗaya.

"Shi ya yi maka wannan?"

"Shi ne, Baba. Kuma a atisaye ne fa, yana tausaya mini."

Malam Uwais ya saki hannun. Ya ɗago ya dubi ɗansa, a gabanmu, a gaban baƙo, a gaban mai shara, ya ce, "Ilu, mun yi maka laifi. Ni na fi kowa."

"Haba Baba, kada ka faɗi haka cikin mutane. Ai kun zo." Ya sunkuya ya fara buɗe mana lemon da hannun dama. Sanyin lemon ya riga ya tafi, muka shanye shi haka. Daga nan muka shiga mota muka kamo hanyar gida.

Yanzu Ilu ya dawo gida gaba ɗaya. Ranar Talata da Alhamis yakan je filin wata sakandare a Karaye, ya zana layi da toka, ya koya wa ɗalibai wasan da baki da hannun dama. Malam Uwais, da shekararsa tamanin da wani abu, yakan sa Badaru ya goya shi a babur tun daga Jajaye. Ƙarfe uku suke isa, ya zauna a gindin darbejiya fili babu kowa. In aka ce masa, Baba, ai da sauran awa guda, sai ya ce ya sani. Jifan ɗansa dai ba zai gani ba, shi ma ya san haka. Rannan wani dogon ɗalibi ya jefa wata har raga ta girgiza, tsohon ya yafito Ilu da sanda.

"Naka ya fi wannan?"

Ilu ya sosa ƙeya. "Kaɗan, Baba."

"Kaɗan ɗin nan," in ji tsohon, "kamar yaya?" Ilu ya yi murmushi kawai ya koma cikin fili.

Mun gode, Ilu. Mun gode da shekara ashirin da ɗaya da ka yi kana ɗaukar sunan Jajaye zuwa inda mu ba mu kai shi ba, ba ka zubar da shi ba ko sau ɗaya. Mun gode da gaisuwar da ka yi mana ranar nan, wadda da zagi ka yi da ya fi mana sauƙi. Allah ya ba kafaɗarka lafiya, ya saka wa Sadiƙa da alheri.

Samarin Rogo da Karaye, in kuna neman wanda za ku yi koyi da shi a riƙon sana'a da gaskiya, ga shi nan a cikinku yana noman gyaɗa. Mu kuma iyaye, duk mai ɗa ko ƙane da ke wani aiki da bai gane ba, ya tashi ya je ya gani tun hannun yana ɗaguwa. Mai son ya gaida Ilu ya same shi a filin nan na Karaye, Talata ko Alhamis. Ƙarfe huɗu yake busa usur, kuma ba ya jiran kowa.